Hoton ƙashi ya ce lafiya lau, ni kuwa murfin fulas ya gagare ni

Fulas ɗin shayi ne ya tona mini asiri. Da asuba ne, Hassan yana tsala kuka, Usaini yana mutsu-mutsun taya shi, na kama murfin zan murɗa, sai na ji kamar an soka mini tsinken tsire a gindin babban yatsa, zafin ya harba sama har kusan gwiwar hannu. Ban san lokacin da na saki fulas ɗin ba. Allah ya sa a kan darduma ya faɗi. Na zauna riƙe da hannun dama da na hagu ina hawaye, mu uku a ɗaki kowa da nasa kukan.

Kafin ranar na yi kusan wata guda ina ɓoye abin. Ni malamar makaranta ce, ilimin halittu nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a nan Kano, kuma 'yan biyun nan su ne haihuwata ta uku. Kwana arba'in ɗin wanka a gidanmu na yi su, inda hannuwa suka yi yawa: Umma ta ɗauki wannan, ƙanwata ta goya wancan, nawa bai wuce shayarwa da shan kunun kanwa ba. Da na dawo ɗakina ne lissafi ya canza. Ka ɗauko yaro daga katifa, ka ajiye, ka ɗauko ɗan'uwansa. Ka cilla ɗaya baya ka ɗaure zani. Ka wanke nafkin, ka matse, ka shanya. Na taɓa gwada ƙirga sau nawa nake ɗaga yaro a yini, na kai sittin kafin la'asar, na bari. Kuma duk ɗagawar nan iri ɗaya ce: ka zura hannu a hammatarsa, babban yatsa a ware ta gaban ƙirjinsa, sauran yatsu a bayansa, wuyan hannu ya lanƙwasa ƙasa, nauyin duka ya sauka a wuri ɗaya. Wurin kuwa kowa zai iya taɓa nasa yanzu. Ɗaga babban yatsanka sama, za ka ga wani ɗan rami ya fito a gindinsa, jijiyoyi sun yi masa iyaka ta gefe biyu. Bi ta gefen da ke kusa da tafin hannu, ka hau sama kaɗan zuwa inda ƙashi ya ɗan turo. Nan ne. Nawa ya ɗan tasa kamar an cusa ƙwayar gyaɗa a ƙarƙashin fata.

A gida an ba ciwon sunaye. Hajiya, surukata, ta ce sanyi ne ya shige ni saboda ruwan wankana bai yi zafin da ya kamata ba, maganar da na yi wa Umma rowar ji don zaman lafiya. Maƙwabciyata ta ce targaɗe ne. Aka sayo man zafi, na shafa har fatar ta fara saɓa. Daga nan Baban Hassan ya kai ni wajen wani mai ɗori, dattijo mai natsuwa, ya lalluba hannun ya ce, "'Yata, ƙashinki ƙalau yake, jijiya ce ta hau wata." Ya ja yatsan, ya murza wurin da man shanu, na ga taurari da rana tsaka. Kwana uku ko cokali ban riƙe ba. Amma dai zan faɗi gaskiya: cikin duk waɗanda suka yi magana a watannin farko, tsohon nan ne ya fi kusa da inda matsalar take. Murzar ce dai ba ta dace da ita ba.

Da abin ya ƙi, Hajiya ta ce ko dai a kai ni Dala, don a wajen mutanen Kano duk abin da ya shafi gaɓa Asibitin Ƙashi na Dala ne ƙarshen zance. Maigida ya ce a fara yin hoto tukuna, mu san abin da za mu je da shi. Muka shiga wani wurin ɗaukar hoto a kan titi, ba likitan da ya tura mu, mu muka tura kanmu. Aka ɗora hannuna a kan faranti, aka ɗauka ta sama, aka ɗauka ta gefe. Takardar da aka haɗo da fim ɗin layi biyu ce, ma'anarta: babu karaya, babu gocewa, komai daidai.

Baban Hassan ya ce, "Alhamdu lillahi, kin ga ba komai." Ni kuwa gabana ne ya faɗi. Duk macen da ta taɓa ciwon da ba a gani ta san abin da nake nufi. Da an ga tsagewar ƙashi, da an ɗaure hannun, da kowa ya tausaya. Yanzu da hoto ya ce lafiya lau, me ya rage? Raki, ko son jiki, ko neman a ɗauko mini 'yar aiki. Ba wanda ya faɗa da baki, amma na ga maganar a fuskoki.

Abin haushin, ni da kaina nake koya wa 'yan aji huɗu cewa hoton eksire inuwa ce kawai. Hasken yana ratsa nama ya wuce, ƙashi ya tare shi saboda sinadarin kalsiyam da ke cikinsa, sai ƙashin ya fito fari, duk abin da yake mai laushi kuwa ya zama toka-toka, ba a bambance tsoka da jijiya da ruwa. Tun ranar farko haka yake. Wilhelm Rontgen ya gano hasken a watan Nuwamba na 1895 a garin Wurzburg na Jamus, kuma hoton da ya fi shahara cikin na farkon nasa hannun matarsa ne: ga ƙasusuwan yatsu, ga zobenta, naman kuwa kamar hayaƙi. Na sha nuna wa ɗalibai hoton nan. Amma da ciwo ya zo kaina, sai na ɗauki hannu na kai wa na'urar da na san ba ta ganin abin da ke damuna. Ba wai hoton ya tashi a banza ba ne gaba ɗaya. Daga baya likita ya ɗaga shi a haske ya ce ya kore abu biyu da suke kawo ciwo a daidai wurin: zaizayewar gaɓar gindin babban yatsa, wadda ta fi kama manya, da karayar wani ɗan ƙaramin ƙashi da ke ƙarƙashin ramin nan da na ce ku duba, wadda ke samun wanda ya faɗi ya dafa ƙasa da tafi. Amma ni ban faɗi ba, shekaruna kuma 34.

Akwai wata wahala da harshenmu ya ƙara mana a nan. Kalmar jijiya a Hausa ta ɗauki kaya da yawa. Wadda ake soka wa allurar ƙarin ruwa jijiya ce. Wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, in ta mutu ɓarin jiki ya shanye, ita ma jijiya ce. Farar igiyar nan mai tauri da ke haɗa tsoka da ƙashi, wadda ke gagarar haƙori a cikin nama, ita ma jijiya muke ce mata, babbar cikinsu ta bayan dunduniya ce kawai ta samu sunanta, agara. Tawa irin ta ukun ce. Duk wanda ya yi ƙuruciya a gidan da ake yanka kaji ya san ta: ka ɗauki ƙafar kaza da aka yanke, ka ja farin zaren nan da ya leƙo, yatsun su naɗe kamar tana da rai. Haka yatsunmu suke aiki. Tsokar tana can sama a hannu, igiyoyin ne suke sauka su ja yatsu. To don kada su riƙa tsalle su bar jikin ƙashi in an lanƙwasa hannu, sai aka yi musu hanyoyi a bayan wuyan hannu, guda shida a jere, kowace da rufinta da ɗan ruwa mai santsi a ciki. In kun san yadda zariyar wando ke bi ta cikin ƙubaka, to shi ke nan. Ƙubaka ta farko, ta gefen babban yatsa, zariya biyu ke bi ta cikinta: ɗaya tana ware yatsan waje, ɗaya tana miƙe shi. Idan rufin ƙubakar ya yi kauri, hanya ta matse, kowane motsi sai zariyar ta goge.

Likitan ƙashin da muka gani a wata na uku bai ɗauki minti biyar ba ya gano. Ya danna inda ƙashin ya turo, na zabura. Ya riƙe babban yatsana ya karkata hannun a hankali zuwa gefen ƙaramin yatsa, na yi salati da ƙarfi har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Ya yi murmushi ya ce, "Maman biyu, sannu. Yaran wata nawa?" Ya ce ciwon yana da suna, sunan wani likitan tiyata ɗan ƙasar Suwizalan, Fritz de Quervain, wanda ya bayyana shi a rubuce a 1895. Na ce, "Likita, shekarar da aka gano eksire ke nan." Ya ce bai taɓa haɗa su ba. Ni dai abin ya ba ni dariya: an haifi ciwon da hoton a shekara ɗaya, kuma har yau ba su ga juna ba. Gwajin da ya yi mini kuwa sunan Harry Finkelstein yake ɗauke da shi, wani likita a Amurka da ya rubuta shi a 1930. Akwai wani gwajin da mutane suka fi sani, ka dunƙule hannu da babban yatsa a ciki ka karkata, amma wannan ko mai lafiya ya matsa da ƙarfi zai ji zafi, don haka kada wani ya gwada yanzu ya ce ya kamu.

Likitan ya ce ciwon ya fi kama mata nesa ba kusa ba, musamman masu ciki a watannin ƙarshe da masu shayarwa, don ban da ɗaukar yaro, jikin mai jego yana riƙe ruwa, kuma da yawa yakan lafa bayan yaye. Na ce a raina, yaye kuma? Yaran ko zama ba su fara ba.

Na roƙe shi ya rubuta mini wani hoton da zai nuna ciwon. Gaskiya ba don magani nake so ba, so nake in samu takardar da zan ajiye a gaban mutanen gida. Ya ce, "Malama, hoto tambaya ake yi masa. Ni a yanzu ba ni da tambaya, hannuna ya ba ni amsa." Na ji haushinsa a ranar.

Ya rubuta maganin rage zafi da maɗaurin hannu mai ƙarfe a ciki. A nan ma sai da muka yi asara, don wanda aka fara sayowa a kemis wuyan hannu kawai yake riƙewa, babban yatsa yana waje yana yawonsa, alhali shi ne ake so a tsare. Wanda ya dace yana da hannun riga na yatsan. Na sa shi mako shida, in dai za a kira abin da na yi sawa: a cire don alwala sau biyar, a cire don wanka wa yara, a cire don wanki, a cire don allo, saboda alli ba ya riƙuwa da yatsa a sandare. Da muka koma ba wani sauƙi, sai ya ce allurar rage kumburi. Ya tambaya ko ina da ciwon suga, don maganin yakan ɗaga sugan mai shi na 'yan kwanaki. Ya ce ba sai na daina shayarwa ba. Ya laluba da yatsa, ya soka a cikin ƙubakar, ya tura maganin.

Mako biyu na yi ina ji kamar an sake ni daga kurkuku. Na buɗe fulas, na yanka albasa. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Ciwon ya ragu da kamar rabi ya tsaya cak, kuma ya canza salo: in na ware yatsan gefe ba na jin komai, amma in na miƙe shi sama, kamar zan ce wa mutum "da kyau", sai ya soke ni. Kafin wata biyu ya dawo kusan yadda yake.

A lokacin ne ƙanin maigida, wanda ke aiki a Abuja, ya shigo maganar ta waya. Ya ce a daina wasa da lafiyar matar Yaya, a yi MRI kawai, wato hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, shi zai biya rabi. A wajen mutane da yawa hotuna matakai ne kamar ajin jirgi: eksire na talaka, sikanin na mai ɗan hali, MRI na manya, kuma wanda ya fi tsada shi ya fi gani. Ni ma na ɗan kwaɗaitu. Da na kai wa likita maganar sai ya ce MRI zai nuna ciwon, babu shakka, zai nuna kaurin rufin da ruwan da ya taru har da ƙashin da ke ƙasa in ya tsotsi ruwa. Amma zan biya kuɗin da ya ninka na sikanin sau da yawa, in cire ɗan kunne da awarwaro da duk wani ƙarfe, in kwanta cikin rami mai ƙara kamar injin markaɗe na kusan rabin awa ba motsi, in fito da hoton hannun da ke kwance shiru, alhali ciwona na motsi ne. Ya ce, "Yanzu ne nake da tambaya. Ina so in san ko ƙubakar taki ɗaki ɗaya ce ko ciki da falo. Sikanin zai gaya mini, kuma a yi allurar ana kallo."

Ban taɓa sanin ana yi wa hannu sikanin ba. A wajenmu sikanin na ciki ne, shi ya sa ma wasu ke kiransa duban ɗan tayi. Da Baban Hassan ya gaya wa Hajiya za a yi mini sikanin, shiru ta yi, sannan ta ce, "Yaran ko wata takwas ba su yi ba." Sai da aka yi mata bayani.

Samun inda za a yi ma aiki ne. Na koma inda aka yi mini na cikin 'yan biyu, inda na fara ganin kawuna biyu a allo na kusa faɗowa daga gado. Mai wurin ya ce ba shi da kan da ake yi da shi. Ashe na'urar ɗaya ce, amma abin da ake gogawa a jiki iri-iri ne. Sikanin sauti ne, ba haske ba, sautin da ya wuce jin kunnen mutum: kunnenmu yana tsayawa a wajen kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, na'urar kuwa da miliyoyi take aiki. Tana aika sautin cikin jiki, ta saurari amsa-kuwwar da ta dawo, ta zana hoto da ita. Kan da ake duba ciki da shi mai lanƙwasa ne, yana aiki a wajen miliyan 3 zuwa 5, yana nutsawa da zurfi amma ba ya ganin ƙananan abubuwa. Na wuyan hannu miƙaƙƙe ne, daga miliyan 10 zuwa sama, ba ya zuwa nesa, amma abin da ke dab da fata yana fayyace shi har zare-zare. Sai a wuri na uku muka dace da wata likitar hoto da ta saba duba gaɓoɓi.

Ba kwanciya na yi ba. Kujera ta ba ni, muka zauna muna fuskantar juna da ɗan tebur a tsakani kamar za ta yi mini lalle. Ta naɗe tawul ta ɗora hannuna a kai, babban yatsa yana sama. Ta matsa man nan mai sanyi. Da ta ji ni malamar ilimin halittu ce, sai ta juyo allon yadda zan gani, kuma da hannun hagu ta fara, mai lafiya. Ta ce in ba ka san yadda hannun mutum yake a daidai ba, ba za ka san me ya canza ba.

A hagu na ga farin layi mai haske a ƙasa, ta ce ƙashi ne, sauti ba ya wuce shi. A kansa wasu dunƙulallun abubuwa masu ɗigo-ɗigo fari, manne da juna, kamar an yanka igiyar rama an kalli bakinta. Sama da su wani siririn layi ya lulluɓe su, bai fi zanen biro ba. Ta ce rufin ke nan. Ta juya kan na'urar ya bi tsawon hannu, sai igiyar ta miƙe, zare bisa zare, ta ce in motsa yatsa. Na motsa, na ga abin yana zamewa gaba da baya sumul. Shekara goma sha ɗaya ina zana wannan a allo da alli, ban taɓa ganinsa yana aiki a jikin mai rai ba, balle nawa. Gani ya kori ji.

Sai ta koma dama. Ko ni da ban iya karatun allon ba na ga bambanci. Siririn layin nan ya zama bargo mai kauri, duhu-duhu. Kewaye da igiyar akwai baƙin zobe, kamar an zizara mata kwalli, ta ce ruwa ne, ruwa baƙi yake fitowa a sikanin. Ta danna wani maɓalli, sai ɗige-ɗigen ja da shuɗi suka fara ƙyalli a cikin bargon. Ta ce wannan Dofla ke nan, yana nuna inda jini ke gudu, kuma a hannun hagu wurin shiru yake. Na motsa yatsa, igiyar ta tafi, ta ɗan cije, ta wuce da ƙyar, a daidai lokacin da na ji sukar.

Ta nuna mini tarkuna biyu da ke kama wanda bai ƙware ba, kuma su ne suka sa na fahimci dalilin da ba kowane mai na'ura ne zai yi aikin ba. Ta ɗan karkata kan na'urar kaɗan, sai farar igiyar ta koma baƙa ƙirin kamar ta ruɓe, ta daidaita, ta dawo fara. Ba abin da ya canza a hannuna, kusurwar ce kawai. Na biyu, zariyar da ke ware yatsa a nawa hannun ba ɗaya ba ce, ta rabu gida uku. Na tsorata na ce ko tsagewa ta yi. Ta ce a'a, halitta ce, mutane da yawa haka tasu take, amma wanda bai sani ba zai rubuta cewa jijiya ta yage, a ɗaga wa mutum hankali.

Daga nan ta yi shiru, tana matsawa da kan na'urar kaɗan-kaɗan zuwa inda ƙashin ya turo. Ta tsayar da hoton ta ce, "Maman biyu, ga abin da likitanki yake nema." Tsakanin zariya mai rassa uku da ɗaya ƙaramar akwai wani ɗan duhun layi a tsaye, daga rufi zuwa ƙashi. Katanga ce. Ƙubakata ciki da falo ce. Kuma falon, inda mai rassa ukun take, ya lafa, ba ruwa sosai. Duk kaurin da kwallin da ja da shuɗin a ɗan ƙaramin ɗakin suke, inda zariyar da ke miƙe yatsa ta maƙale ita kaɗai. Allurar farko ta shiga falo ta yi aikinta tsaf, katanga ta hana maganin isa ciki. Shi ya sa ware yatsa ya daina ciwo, miƙe shi bai daina ba. Ta ce ba wani abin mamaki ba ne, kusan mutum ɗaya cikin uku yana da katangar nan tun haihuwa, kuma tana cikin manyan dalilan da allura ke ƙin ci. Yatsan likita, komai ƙwarewarsa, ba ya iya jin ta daga waje.

Akwai abin da ta faɗa da ya tsaya mini. Ta ce duk da ana kiran ciwon kumburin rigar jijiya, waɗanda suka duba naman rufin a madubin likita sun tarar yawanci ba irin kumburin ƙurji ba ne, kauri ne da lalacewar saƙar naman saboda yawan goga, kusan kamar kanta a tafin manomi. Na tuna man zafin da na ƙarar da murzar tsohon nan.

Bayan mako guda aka yi allura ta biyu, ita tana riƙe da kan na'urar. Na so in kau da kai amma son sani ya hana ni. Allurar ta shigo allon daga gefe, farin layi siriri, ta wuce fata, ta ratsa bargon, ta tsaya a cikin ɗan ɗakin dab da igiyar ba tare da ta taɓa ta ba. Da aka tura maganin sai na ga baƙin zoben ya buɗe ya zagaye igiyar, bai tsallaka katangar ba. Kwana biyu wurin ya yi mini zugi fiye da da, abin da aka riga aka gargaɗe ni. A rana ta biyar na ɗaga Usaini na ajiye, sai daga baya na tuna ban ji komai ba. Likita ya ce da wannan ma ta ƙi, sai ƙaramar tiyata, a kashe wurin kawai, a tsaga rufin, kuma sanin katangar zai sa a buɗe ɗakunan duka biyu, don in an buɗe ɗaya an bar ɗaya ciwon yana nan.

Kada wani ya karanta wannan ya ce to MRI ba shi da amfani a wuyan hannu. A ranar allurar na zauna a benci da wata baiwar Allah da ta zo daga ƙauye, tafin hannunta da wuyan hannun ta ciki sun kumbura kamar an cusa balan-balan biyu, in ta danna ɗaya sai ɗayan ya tashi. Ta ce ya fi shekara, ba ya wani ciwo sosai, an yi tsaga, an yi ƙaho, yatsun sun fara ƙin naɗewa. Ban san ƙarshen labarinta ba. Amma na tambayi likitar, ba a kan matar ba, a kan irin kumburin, ta ce kumburin rigar jijiya da ya daɗe haka a ƙasarmu dole a yi tunanin tarin fuka, don ƙwayar cutar ba huhu kaɗai take kamawa ba, da kuma amosanin gaɓoɓi irin wanda jiki ke yaƙar kansa. A irin wannan rigar takan cika da wasu ƙananan abubuwa farare masu kama da ƙwayar shinkafa, kuma a nan MRI ke da rana, don yana nuna iyakar inda abin ya kai da ko ya taɓa ƙashi, kafin a ɗebi naman a kai ɗakin gwaji. Allurar da ta warkar da ni, in aka yi ta a wurin da ƙwayar cuta take, ƙara rura wutar za ta yi. Na faɗi wannan ne saboda na san akwai masu yi wa mutane irin allurar nan a bayan kanta.

Yanzu 'yan biyu sun shekara biyu da wata uku, an yaye su, suna hawa kujera da kansu. Tun kafin nan na canza yadda nake ɗaukar su, hannu ɗaya a ƙarƙashin mazaunai, ɗaya a baya, tafi a buɗe, babban yatsa manne da 'yan'uwansa. Wanki kuwa Baban Hassan ya sayo inji bayan ya ga hoton sikanin ɗin, wanda likitar ta buga mini a 'yar takarda mai santsi irin ta masu ciki. Hajiya ta juya shi sama da ƙasa ta ce ita ba ta ga komai ba sai hadari, amma daga ranar ta turo mini jikarta tana taya ni da yamma.

Abin da ya rage shi ne tabo. Wajen wata biyu bayan allura ta biyu, fatar wurin ta yi fari, faɗin kwabo, ta ɗan lotsa. An gaya mini hakan na faruwa, kuma a baƙar fata ya fi fitowa. A ɗakin malamai an tambaye ni ko ƙonewa na yi, wata kuma ta ja ni gefe ta tambayi sunan man da nake gwadawa. Ya fara komawa, amma har yanzu in na ɗaga hannu ina rubutu a allo 'yan layin gaba suna ganinsa. Zangon da ya wuce, da muka zo darasin tsoka da ƙashi, na aiki mai gadi kasuwa ya sayo mini ƙafafun kaji guda ashirin, na raba wa kowane tebur ɗaya, na manna takardar sikanin ɗin a gefen allo. Wata yarinya a baya ta ja zaren, yatsun kazar suka damƙe mata biro, ta yi ihu ta jefar, ajin ya kaure da dariya har mataimakiyar shugabar makaranta ta leƙo ta taga.